Inconclusive, impeachment, indict, inflation: me ya sa kalmomin Turancin da ke farawa da "in" suke haɗa mu faɗa?

Wai me ya sa da zarar an ce an yi impeaching ɗin wani gwamna, ko an yi indicting ɗin wani minista, ko kuma gwamnati ta ce inflation ya sauka, sai ka ga Facebook ta kama da wuta, wannan na murna wancan na Allah ya isa, amma in ka zauna ka bi kwament ɗin ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar rabin rigimar duk a kan ma'anar kalmar ake yinta, kowa da abin da ya fahimta? Kuma in ka lura da kyau kalmomin da suka fi wahalar da mu a labaran siyasa da kotu da tattalin arziki kusan duk da haruffa iri ɗaya suke farawa, in ko im: inconclusive, impeachment, indict, immunity, impunity, interim, injunction, inflation, indigene, incumbent, har ita kanta INEC ɗin harafinta na farko Independent ne.

Da yawanmu an koya mana a sakandare cewa in ka ga "in" a gaban kalma to kishiya ce, correct da incorrect, complete da incomplete, shi ke nan muka riƙe wannan muka tafi da shi. To gaskiya ne amma rabin gaskiya ne, kuma ɗaya rabin da ba a faɗa mana ba shi ne yake sa mutum ya yi murnar abin da bai faru ba, ko ya cike fom ɗin da ba nasa ba, wani wajen ma har batun rai ne.

Daga ina wannan "in" ɗin ya fito?

Turanci yare ne mai yawan aro, ya fi Hausa aro nesa ba kusa ba. A shekarar 1066 mutanen Normandi masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, daga nan fada da kotu suka koma Faransanci tsawon ɗaruruwan shekaru, coci da makarantu kuma dama Latin suke yi. Shi ya sa har yau kusan duk kalmomin shari'a da mulki na Turanci asalinsu Latin ne, wasu kai tsaye wasu sun biyo ta Faransanci, mu kuma da Turawa suka zo muka gaji kotunsu da kalmominta gaba ɗaya.

To a Latin ɗin akwai "in" guda biyu da ba su haɗa komai ba sai rubutu. Na farko na korewa ne, wato "ba haka ba", shi ne na incorrect da independent da inconclusive. Na biyu kuma ma'anarsa "ciki" ko "a kan", shi ne na import, shigo da kaya, da inject da inflation da incumbent. Ido ba zai taɓa bambance maka su ba, sai dai ka san kalmar. Sannan dukkansu suna canza kama saboda sauƙin furuci, in kalmar ta fara da b ko m ko p sai ya koma im, kamar impossible da immigration, in ta fara da l ya koma il kamar illegal, in da r ce ya koma ir kamar irregular. Ga kuma na uku da yake shigowa ya ƙara dagula lissafi, wato inter, wanda ke nufin "tsakani", shi ne a international da interim da interview da intanet ɗin da kake karanta wannan a kai.

Kar wannan ya ba ka mamaki don mu ma muna da irinsa. Ɗauki "ma" a Hausa: maƙeri mutum ne, maƙera wuri ne, mabuɗi kayan aiki ne, makaranta wajen karatu, amma mage da mangwaro babu ruwansu da wannan tsarin duk da cewa da ma suka fara. Bahaushe ba ya rikicewa saboda a ciki ya tashi, to haka Bature yake da nasa, mu da muka koya a aji mu tamanin da malami ɗaya ne muke shan wahala.

Inconclusive: kalmar da Kanawa ba za su manta ba

Wannan "in" na korewa ne tsantsa. Conclude shi ne kammalawa, inconclusive kuma abin da bai kammalu ba, ba a kai ga matsaya ba. Likita ma yana faɗa in gwajin jini bai nuna eh ko a'a ba. Ba ya nufin an soke zaɓe, ba ya nufin an yi kunnen doki, ƙuri'un da aka riga aka ƙirga suna nan daram.

Yadda INEC ke lissafin shi ne, za a duba tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai a duba yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓen ba saboda rikici ko aringizon ƙuri'a. In mutanen waɗannan rumfunan sun fi tazarar yawa to ana ganin da sun yi zaɓe za su iya juya sakamakon, sai a ce bai kammalu ba a sa ranar ciko. A da da yawan waɗanda suka yi rajista ake auna wa, daga baya kafin zaɓen 2023 aka koma lissafi da waɗanda suka karɓi katin zaɓensu, wanda ya fi kusa da gaskiya don ba kowane mai rajista ne ke da kati a hannu ba.

Abin da ya faru a Kano ke nan a zaɓen gwamna na 9 ga Maris 2019. Abba Kabir Yusuf na PDP a lokacin yana da 1,014,474, Abdullahi Ganduje na APC yana da 987,819, tazara 26,655, masu rajista a rumfunan da aka soke kuma sun haura dubu ɗari, ciki har da mazaɓar Gama da sunanta ya karaɗe ƙasa. Aka koma ranar 23 ga Maris, aka bayyana Ganduje da 1,033,695, Abba da 1,024,713. Kuma ba Kano kaɗai ba ce a wannan shekarar, akwai Sokoto da Bauchi da Adamawa da Filato da Binuwai, a Sokoto ma da ƙuri'a 342 kacal Tambuwal ya tsira bayan cikon.

Masu kare tsarin suna cewa adalci ne, don me za a bayyana wanda ya ci alhali dubban mutane ba su jefa tasu ba kuma ba laifinsu ba ne? Masu suka kuma suna cewa ƙofa ce aka buɗe wa 'yan siyasa, wanda ya ga zai sha ƙasa sai ya tura a tarwatsa wasu akwatuna da gangan don a tafi ciko, ranar cikon kuma duk ƙarfin kuɗi da 'yan daba da jami'an tsaro sai a tattara su a 'yan rumfuna kaɗan. Ni dai a ganina duk biyun suna da hujja, amma ta biyun ta fi nauyi matuƙar ba a hukunta masu fasa akwati, don dokar da ta ba mai ɓarna dama ta biyu dole a sake dubanta. Shi ya sa a bakin talaka kalmar ta canza ma'ana gaba ɗaya, yau in ka ji an ce "za su yi mana inkwankulusib" to murɗiya ake nufi, kuma wannan ma'anar ba daga ƙamus ta fito ba, daga abin da mutane suka gani da idonsu ne.

Impeachment da indict: tuhuma daban, hukunci daban

A nan ne "in" ɗin ya daina zama korewa. Impeach asalinta daga wata kalmar Latin ce mai nufin sa wa ƙafa mari, dabaibayi ke nan, 'yan uwanmu na Nijar za su gane ta da sauri don ita ce empêcher ta Faransanci, hanawa. A Turancin Ingila da Amurka ma'anarta tuhumar mai riƙe da muƙami a gaban majalisa, tuhuma kawai. A Amurka majalisar wakilai ce ke impeaching da rinjaye mai sauƙi, sai a kai majalisar dattawa ta yi shari'a, sai an samu kashi biyu bisa uku kafin a cire mutum. An yi wa Andrew Johnson a 1868, an yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Donald Trump har sau biyu a 2019 da 2021, kuma babu ko ɗaya da aka cire daga kujera. Lokacin na Trump mutane da yawa a nan sun yi ta yaɗa cewa an tsige shi, washegari suka gan shi a ofis suka rasa gane kan abin, to fassarar ce ta yaudare su.

A Najeriya kuma mun saba kiran dukkan aikin tun daga farko har cirewar da impeachment, muna fassara shi da tsigewa. Sashe na 188 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya tsara na gwamna da mataimakinsa, na 143 kuma na shugaban ƙasa, kuma hanyar doguwa ce. Sai kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargi, sannan cikin kwana 14 kashi biyu bisa uku su amince a bincika, sannan babban jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, kwamitin yana da wata uku ya kawo rahoto, in ya ce zargin bai tabbata ba magana ta mutu a nan, in ya ce ya tabbata sai majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a da kashi biyu bisa uku. Saboda haka in ka ga labari cewa an ba gwamna impeachment notice, matakin farko ne kawai cikin wannan doguwar tafiya, kar ka fara rabon goro.

Wanda aka fara yi wa a tarihin ƙasar nan shi ne Alhaji Balarabe Musa na tsohuwar jihar Kaduna ranar 23 ga Yuni 1981, shi ɗan PRP majalisa kuma 'yan NPN suka cika ta, har ya sauka ba su amince masa da kwamishinoni ba. Sannan ko an cire mutum ma ba lallai maganar ta ƙare ba, Rashidi Ladoja na Oyo da Peter Obi na Anambra duk an cire su a 2006 kuma kotu ta mayar da su saboda ba a bi ƙa'ida ba, Murtala Nyako na Adamawa da aka cire a 2014 shi ma kotu ta ce ba daidai aka yi ba, sai dai lokacin wa'adinsa ya riga ya wuce.

Indict kuma, da farko ma furucinta "indait" ne, c ɗin ba a faɗinta. Ma'anarta a tuhumi mutum a hukumance cewa akwai hujjar da ta isa a gurfanar da shi. Jaridunmu suna amfani da ita ko da kwamitin bincike ne kawai ya ambaci sunan mutum a rahoto, sai a fassara mana da "an same shi da laifi", wanda kuskure ne babba, don samu da laifi convict ne kuma kotu ce kaɗai ke yinsa. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. An gwada wannan a 2007 lokacin da INEC ta cire sunan Atiku Abubakar daga takarar shugaban ƙasa bisa cewa wani kwamitin gwamnati ya yi indicting ɗinsa, kotun ƙoli ta ce INEC ba ta da wannan hurumin, aka mayar da sunansa saura 'yan kwanaki zaɓe. Ka so mutumin ko kar ka so shi, da an bar wannan ƙofar a buɗe duk mai mulki zai kafa kwamiti ya rubuta sunan abokin hamayyarsa shi ke nan.

Immunity da impunity

Waɗannan biyun harafi ɗaya ne ya raba su kuma duk na korewa ne, amma ɗaya doka ce ɗaya rashin doka. Immunity ita ce rigar kariya, sashe na 308 ya ba mutum iri huɗu kawai: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Sanata ba shi da ita, minista ba shi da ita, ciyaman ba shi da ita, sarki ma ba shi da ita, duk da yadda ake ɗauka a gari. Kuma ba ta hana bincike, kotun ƙoli ta faɗi haka a 2002 a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar, abin da ta hana shi ne kamawa da gurfanarwa muddin mutum na kan kujera. Da ya sauka rigar ta faɗi, Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato duk an yanke musu ɗaurin shekara 14 a 2018 kan abin da suka yi suna gwamna, kafin a yi musu afuwa a 2022. Kalmar ce dai ta asibiti, immunization, rigakafin da ake yi wa yara, jiki ya samu kariya daga cuta.

Impunity kuwa daga tushen punish take, rashin hukunci, abin da muke cewa cin kare babu babbaka. Babu sashen da ya ba kowa ita, mutane ne ke ƙwatarta da kuɗi ko sanayya. In aka cakuɗa su sai talaka ya ɗauka doka ce ta hana a taɓa wane, ya haƙura, alhali babu wata doka, tsoro ne da son kai.

Interim, interlocutory, injunction: odar kotu kala-kala

Injunction umarnin kotu ne, yawanci na hani, kar a rusa, kar a naɗa, kar a rantsar. Matsalar ita ce kalmar da ke zuwa gabanta. Interim daga inter take, "a tsakanin nan", wato riƙon ƙwarya, irin gwamnatin Ernest Shonekan da Babangida ya bari a watan Agustan 1993 wadda Abacha ya kawar ranar 17 ga Nuwamba, ko wata uku ba ta cika ba. To interim injunction oda ce ta 'yan kwanaki, sau da yawa ma ɓangare ɗaya ne kawai ya je gaban alƙali ya ce ranka ya daɗe in ba a tsayar da abin nan yau ba za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, alƙali ya ce to kowa ya tsaya har a ji ɗaya ɓangaren. Interlocutory kuma bayan an ji kowa ne, tana nan har a gama shari'a. Wadda ake bayarwa a ƙarshe bayan hukunci ita ce perpetual, ta dindindin.

Duk wanda ya bi rikicin masarautar Kano daga watan Mayun 2024 ya ga yadda abin yake, babbar kotun tarayya ta ba da tata odar, babbar kotun jiha ta ba da tata, kowane ɓangare ya ɗauki hoton takardarsa ya watsa a WhatsApp da rubutu "kotu ta tabbatar da...", alhali babu wadda ta shiga gundarin shari'ar a lokacin, har sai da babban jojin ƙasa ya kira shugabannin kotunan biyu. Matasa sun yi ta zagin juna, abokai sun ɓata, a kan takardun da a samansu an rubuta interim ɓaro-ɓaro. Kuma ba manya kaɗai abin ke shafa ba, mai rigimar fili ko gado da lauyansa ya ce masa "mun samu oda" yana iya zuwa ya fara zuba bulo ko ya sayar, daga baya hukunci ya zo akasin haka ya yi asarar da ba zai iya mayarwa ba. In lauyanka ya ce an samu injunction, tambaye shi wace iri ce kuma zuwa yaushe.

Inflation ya sauka, me ya sa kwanon shinkafa bai sauka ba?

Wannan "in" na ciki ne, inflate shi ne hura iska a cikin abu ya kumbura kamar yadda mai faci ke yi wa taya. Inflation shi ne saurin da farashi ke tashi, yawanci ana kwatanta wannan watan da irinsa na bara. To a nan ne ake samun saɓani tsakanin gwamnati da mai cefane. A ce kwanon shinkafa naira 3,000 ne, aka yi inflation na kashi 30, ya koma 3,900. Shekara mai zuwa inflation ya sauka zuwa kashi 15, to kwanon zai koma 4,485 ne. Adadin da ake sanarwa ya ragu da rabi amma kuɗin da kake miƙa wa ɗan kasuwa ya ƙaru, gudun ne ya ragu ba a juyo baya ba. Saukar farashi ta gaske sunanta deflation.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara rikita mutane. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ta ce a Disambar 2024 inflation ya kai kashi 34.80, sai ga na Janairun 2025 ya fito 24.48, wata ɗaya tal. Abin da ya faru shi ne sun canza ma'aunin, shekarar da ake kwatance da ita ta tashi daga 2009 ta koma 2024 kuma an sake jera kayan da ake bibiyar farashinsu da nauyin da ake ba kowanne. Masana da yawa sun ce gyaran ya dace don abin da mutane ke kashe wa kuɗi a 2009 ba shi ne na yau ba, wa ke sayen data kamar yanzu a wancan lokacin? Amma wanda ya ɗauki lambobin biyu ya ce tsada ta ragu da kashi goma cikin wata ɗaya bai faɗi gaskiya ba, wanda kuma ya ce duk lissafin ƙarya ne don shi bai ga sauƙi a kasuwar Dawanau ba shi ma bai fahimci abin da ake aunawa ba.

Indigene da indigent, da sauran masu kama da juna

Wannan ta fi shafar ɗalibai. Indigene ɗan asalin wuri ne, ita ce takardar indijin da ake karɓowa a ƙaramar hukuma. Indigent kuma mabuƙaci ne, mai ƙaramin ƙarfi. Sai a fitar da sanarwar tallafin karatu for indigent students, ka ga yaro a shagon intanet ya biya kuɗin sikanin, ya loda takardar indijin ɗinsa yana jiran kira, alhali abin da ake nema shaida ce cewa iyayensa ba su da hali ko maraya ne. Wani kuma da ya fi kowa cancanta ya ƙi nema don yana zaune a jihar da ba tasa ba, ya ɗauka 'yan asali ake nufi.

Invaluable ma haka, ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, in shugabanka a ofis ya rubuta haka a kanka yabo ne. Infamous kuma ba wanda ba a sani ba ne, sananne ne amma da mugun abu, kar ka kuskura ka rubuta wa malaminka ita da sunan kirari. Incumbent shi ne mai ci, ba shi da alaƙa da incompetent, wanda bai iya aiki ba.

Gyaran daga ina zai fara?

Wasu suna cewa a gyara koyar da Turanci a makarantun gwamnati magana ta ƙare. Wasu kuma suna cewa don me za a ci gaba da yi wa mutane mulki da shari'a da yaren da akasarinsu ba sa ji, alhali sashe na 55 ya yarda a yi aikin majalisar tarayya da Hausa da Igbo da Yarbanci in an yi tanadi, sashe na 97 ya ba majalisun jihohi irin wannan damar, ga Nijar ma a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk biyun aikin shekaru ne. Abin da za a iya yi yau yana hannun gidajen rediyo da masu shafukan labarai, su daina fassara indict da samu da laifi, su daina cewa kotu ta tabbatar in odar wucin gadi ce, in sun ce hauhawar farashi ta ragu su ƙara jimla ɗaya su bayyana cewa kaya ba su sauka ba. Mai shafi da mabiya dubu ɗari yana da nauyi a wuyansa ko ya sani ko bai sani ba.

Inflammable

Na bar wannan a ƙarshe don ita ce ta fi tayar min da hankali. Dubi bayan tankar mai in kun tsaya a go-sulo, za ka ga an rubuta HIGHLY INFLAMMABLE da jan fenti, wani duk ƙura da baƙin mai sun rufe rabinsa. Wanda ya riƙe darasin sakandare zai lissafa cewa flammable mai kamawa da wuta ne, to inflammable ke nan wanda ba ya kamawa. Ba haka ba ne ko kaɗan, wannan "in" na ciki ne, daga inflame, cinna wuta, kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya, mai saurin kamawa da wuta. Wanda ba ya kamawa non-flammable ake ce masa. Su kansu Turawan sun ga hatsarin, shi ya sa masana harkar kashe gobara a Amurka suka daɗe da komawa rubuta flammable kawai a jikin kaya.

Ba ina cewa wannan kalmar ce ta jawo abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ba, inda tanka ta faɗi mutane suka taru kwasar mai ta fashe sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ko na mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025. Talauci da tsadar mai su ne kan gaba, kuma kowa ya san fetur na cin wuta. Amma akwai sinadarai da gas da sauran kaya da ake ɗauka a manyan motoci da durom-durom waɗanda ba kowa ya san su da ido ko wari ba, gargaɗin da ke jikinsu shi ne kaɗai abin da zai gaya wa mai walda ko ɗan dako ko mai shayin gefen titi ya nisanta wuta, kuma an rubuta shi da kalmar da ko mai digiri tana iya juya masa. Motocin nan daga Legas da Fatakwal suke tasowa su ratsa Neja da Kaduna da Kano har Maiduguri, hukumar kiyaye haɗurra da ƙungiyoyin direbobin tanka za su iya wajabta a ƙara "HATSARI, YANA KAMA WUTA, A NISANTA" da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, kusa da hoton harshen wuta, kuɗin fentin ba wani mai yawa ba ne.